Inuwar Likita da Takardar Shaida

Ɗan ƙanwata, wanda ke ajin ƙarshe a wata sakandare a Yelwa, ya same ni bayan la'asar da waya a hannu, ransa a jagule. Ya ce, "Kawu, ashe ba a ɗaukar mutum karatun likita sai ya yi watanni yana bin likita a asibiti, sannan manya uku sun rubuta masa takardar shaida? To ni wa zan bi? Wa ma ya san ni da zai rubuta?" Na karɓi wayar na karanta. Bayani ne tsararre, ba ƙarya a cikinsa, illa dai Ba'amurke ne ke yi wa 'yan'uwansa Amurkawa nasiha. Na ce ya kwantar da hankalinsa ya koma ga littafin kemistirinsa, don hukumar JAMB ba ta taɓa tambayar kowa wane likita ya bi ba.

Ya tafi da murna. Ni kuwa ya bar ni da wasiwasi, saboda amsar da na ba shi gaskiya ce, amma guntuwa.

A Amurka ba a tashi daga sakandare a faɗa karatun likita. Sai mutum ya yi digiri na farko, galibi shekara 4, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya nemi gurbi ta wata kafa da ake kira AMCAS, wadda ƙungiyar makarantun likitancin ƙasar ke gudanarwa. Masu maki mai kyau sun fi gurabe yawa, shi ya sa makarantun suka ce bayan maki suna son sanin mutumin kansa. Daga nan al'adu biyu suka kafu. Ta farko, ɗalibi ya riƙa bin likita a wurin aikinsa, yana kallo, ba ya taɓa kowa, ba ya cewa uffan sai an tambaye shi. Kalmar da suke kiran abin da ita tana nufin zama inuwar mutum, kuma sunan ya dace, don inuwa bi take yi, ba ta aiki. Ta biyu, takardun shaida daga waɗanda suka koyar da shi. Makarantu da yawa uku suke nema, biyu daga malaman kimiyya, a wasu jami'o'in kuma kwamiti ne ke haɗa takarda guda. Wata dokar ƙasar ta 1974 ta ba ɗalibi ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, amma akasari sa hannu suke yi su yafe wannan haƙƙi, domin makarantu sun fi gaskata shaidar da aka bayar a bayan idon mai ita.

A Ingila abin ya fi sauƙi. Daga sakandare ake nema, ta hukumar UCAS, ana rufewa a tsakiyar Oktoba, kuma takarda ɗaya ce daga makarantar yaro. Su ma suna tambayar ko ya taɓa leƙa inda ake jinya, sai dai sun sha faɗin cewa wanda ya yi hidima a gidan kula da tsofaffi bai gaza wanda ya bi babban likitan tiyata ba, muddin zai iya bayyana abin da ya koya. Ba banza suka faɗi haka ba. Sun lura cewa 'ya'yan likitoci da masu hanya su ne ke samun wanda za su bi cikin sauƙi.

Mu a Najeriya maki ne ke buɗe ƙofa. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma makarantun likitanci da dama sun fi son a same su a zama ɗaya. Sai jarrabawar JAMB, darussa huɗu, maki 400, wadda ta koma kan kwamfuta kacokan tun 2015. Sai tantancewar da kowace jami'a ke yi. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Kebbi tana cikin waɗannan. A saman wannan duka akwai hukumar MDCN, mai kula da likitoci da likitocin haƙori, wadda ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar. Wannan ƙayyadewa ce ke sa yaro ya ci maki mai tsoka amma a tura shi wani fannin.

Ɗan Yawuri ko Ngaski ko Shanga yawanci Sakkwato yake fara dubawa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta. Akwai Zariya, inda aka fara karatun likita a 1967, akwai Bayero a Kano, ga kuma jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda ita ma ta buɗe kwalejin kimiyyar lafiya. Wanda JAMB ta kayar yana iya bi ta IJMB, karatun share fage da ake yi har a kwalejin da ke nan Yelwa, ya shiga aji biyu idan sakamakonsa ya kai. Duk waɗannan hanyoyi babu wadda ke neman sa hannun likita.

Zan faɗi ra'ayina ƙarara: wannan makantar da maki ke da ita rahama ce gare mu. Kwamfutar JAMB ba ta san ɗan Sarkin Ruwa da ɗan mai gyaran koma ba. Ba wai an yi adalci tun daga tushe ba ne. Yaron da ya taso a gungu, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana saura mako guda jarrabawa, ba daidai yake da ɗan Abuja ba, kuma kowa a ƙasar Yawuri ya san koma-bayan da karatu ya samu bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. Amma da za a ƙara sharaɗin takardar manya a kan wannan, da an gama da shi. A ƙasar da ake cewa "wa ka sani" ya fi "me ka sani", takardar shaida ba ta daɗewa take rikiɗa ta zama takardar alfarma, irin wadda ake rubutawa a bayan katin ɗan majalisa.

To in haka ne, me ya hana ni sakewa bayan yaron ya tafi? Abin da ya dame ni shi ne, yaron nan yana shirin ba da shekara 6 a jami'a, shekara guda ta horon asibiti, shekara guda ta bautar ƙasa, ga aikin da bai taɓa gani ba sai daga bencin masu jiran kati. Na tambaye shi dalilin son likitanci, ya ce yana son taimakon mutane, kuma Inna ta ce shi ne zai zama likitan gidanmu. Haka mafi yawansu suke. Duk yaron da ya iya lissafi a aji, tun yana ƙarami ake laƙaba masa "Dakta", shi ke nan an yanke masa sana'a. A yawancin makarantunmu sai a shekara ta huɗu ɗalibi ke fara shiga ɗakunan marasa lafiya sosai. Wanda a lokacin ne zai gane cewa warin gyambo na juya masa ciki, ko kukan uwar da ɗanta ya cika a hannunta na hana shi barci, ya riga ya yi nisa, komawa baya ta yi masa tsada, gida kuma an gama shela.

Abin mamaki, mu ne ma muka fi kowa sanin amfanin bin gwani. Ɗan wanzami shekaru yake yi yana ɗaukar zabira kafin a miƙa masa aska. Ɗan Sarkawa yana zaune a gindin jirgi yana kwashe ruwa, yana kallon yadda ubansa ke karanta fuskar kogi, tun kafin a bar shi ya jefa birgi. Maɗori da ungozoma duk haka suka koya. Sai da aka zo kan aikin da ya fi kowanne haɗari muka bar yaro ya zaɓe shi da ka.

Kuma abin da zai gani a asibitin garinsu ya fi abin da ke cikin bidiyon Amurka kusa da rayuwar da zai yi. Da damina zai ga yara jere, zazzaɓin cizon sauro ya shanye musu jini, wasu suna jijjiga, ana neman wanda zai ba da jini a cikin dangi kowa yana noƙewa. Zai ga 'ya'yan masunta masu tsargiya, waɗanda iyayensu ba su ma ɗauki fitsarin jini a matsayin ciwo ba saboda kowa a bakin ruwa ya yi shi. Zai ga matar da aka ɗauko daga gungu a kwalekwale bayan ta kwana biyu tana naƙuda. Zai ga waɗanda aka kwaso daga hatsari a titin Kwantagora zuwa Jega, da manomin da maciji ya sara aka tsaya neman maganin gargajiya har ƙafa ta kumbura. Mutanen Wara ba su manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya nutse da mutane masu ɗimbin yawa. Zai kuma ga abin da ba a koyarwa a aji: likita ɗaya da layin da ba ya ƙarewa, wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗinki, da magidancin da aka rubuta wa magani ya fita ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafin buhun shinkafar da zai sayar. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga wannan ya ce har yanzu yana so, to da gaske yake.

Akwai ma inda ɗan ƙasar zai yi amfani ba kallo kawai ba. Tun bayan da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya tashi garuruwa, yankin nan ya ƙara cakuɗa: Gungawa, Kambari, Dukkawa, Shangawa, Lopawa, Fulani, ga Hausawa masunta da 'yan kasuwa. Sau da yawa likitan da ke kan aiki ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, Hausarsa ba ta wuce "ina ciwo?" ba, tsohuwar da ke gabansa kuwa ko Hausar ba ta ishe ta bayyana abin da ke damunta ba. Ɗalibin da ke jin Gunganci ko Kambarci zai iya zama tafinta.

Sai dai a nan ne ya kamata a taka a hankali, kuma nan ne kwatancen ɗan wanzami ya ƙare. Shi ɗan wanzami ƙarshensa a ba shi aska. Na farko, mai bin likita ba a ba shi komai, kuma ko an ba shi bai kamata ya karɓa ba. Mun san yadda abin ke farawa a garuruwanmu: yaro ya zauna a kemis wata uku, ya iya ɗaura ƙarin ruwa, unguwa ta fara ce masa likita, shi ma ya fara amsawa. Dokar ƙasa ta haramta aikin likita ga wanda ba shi da rajista, kuma allurar da aka soka ba daidai ba tana iya shanye ƙafar yaro har abada. Idan wata nas mai kirki ta ce, "Zo ka gwada," amsar ita ce, "Anti, a bar ni in kalla tukuna."

Na biyu, sirri. Yelwa ba Legas ba ce. Wanda zai shigo ɗakin likita yana iya zama limamin unguwarku, ko matar maƙwabcinku, ko yarinyar da ake shirin bikinta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci, amma tun kafin doka mun san cewa magana ɗaya da ta fita daga asibiti tana iya kashe aure. Dole a tambayi majinyaci ko ya yarda ɗalibi ya tsaya, a kuma tambaye shi ta yadda zai iya cewa a'a, domin mutanenmu kunyar likita suke ji, sai su ce "ba komai" alhali akwai. Waya kuwa ta zauna a aljihu. Ni da zan ba da shawara, ɗalibi namiji ya nisanci ɗakin haihuwa gaba ɗaya, 'yan mata kuma a buɗe musu shi, tunda su ne muka fi rashi.

Hanyar nema ba ta da wuya. Kada a bi ta bayan gida don wani ɗan'uwa yana aiki a ciki. Shugaban makaranta ya rubuta wa babban likitan da ke riƙe da asibitin, a faɗi kwana nawa, mako ɗaya ko biyu sun isa, kuma watannin zaman jiran sakamako bayan NECO sun fi dacewa. Idan aka ce yaro ya yi ƙanƙanta, a haƙura. A yi rigakafin ciwon hanta tukuna. Kada kuma ya maƙale wa likita shi kaɗai: ya yini a ɗakin gwaje-gwaje, ya yini a wurin ba da magani, ya yini da masu jinya, waɗanda su ne ke riƙe da asibiti da dare.

Batun takardar shaida kuwa, na ce wa yaron ba a nema, amma ban gaya masa cewa jinkiri ne kawai ba. Ranar rajista a jami'a wasu makarantun za su nemi shaidar kyawun hali. Idan ya nemi tallafin karatu a waje, za a nema. Ɗalibanmu da yaƙi ya koro daga Yukiren a 2022 da Sudan a 2023 sun ga yadda takarda daga malamin da ya san ka ke da daraja lokacin da suke neman inda za su ƙarasa. Bayan kammalawa, sabon likita ba ya samun cikakkiyar rajista sai manyan likitocin da ya yi horo a ƙarƙashinsu, a ɓangaren yara da na mata da tiyata da cututtukan manya, sun sa hannu cewa ya yi. Neman gurbin ƙwarewa, a gida ko a waje, duk da sunayen masu shaida ake yi. Sana'ar likita daga farkonta har ƙarshe wani ne ke tsaya wa wani.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman zaure suna ba da ijaza, wato malami ya shaida cewa wane ya karanta littafi kaza a gabansa, ya kuma yarje masa ya karantar. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Darajar ijaza ba ta tsaya ga girman rawanin mai bayarwa ba, sai an san cewa almajirin ya durƙusa a gabansa da gaske. A gaban alƙali ma, wanda bai ga abu ba ba ya zama shaida komai muƙaminsa.

A nan ne ɗalibanmu suka fi yin kuskure. Sai yaro ya tsallake malamin bayolojin da ya yi shekara uku yana duba takardunsa, ya tafi neman sa hannun kwamishina ko wani farfesa da bai taɓa ganinsa ba. Abin da zai samu layi huɗu ne: yaro ne mai ladabi, mai ƙoƙari, ɗan gidan mutunci. Masu karanta irin waɗannan takardu sun ga dubunsu, kallo ɗaya suke yi musu. Wadda ke tsayar da su ita ce mai cewa: na koyar da ita shekara uku, ta faɗi gwajin farko, ta dawo ta nemi in sake yi mata bayani, a ƙarshen zango ita ke koya wa 'yan ajinsu. Haka nan likitan da ka bi kwana biyar ba abin da zai iya shaidawa sai cewa kana zuwa da wuri kuma ba ka da surutu. Su kansu Amurkawan sun san da haka, shi ya sa takardar malamin aji ta fi ta likitan da aka bi nauyi a wurin yawancin makarantunsu. Bin likita don kanka kake yi, ba don takarda ba.

Sai al'adar nan ta "je ka rubuto in sa hannu". Malamai suna yin ta don aiki ya yi musu yawa, ɗalibai kuma murna suke yi. Amma ɗan shekara 18 bai san abin da ake nema a irin wannan takarda ba, sai ya cika ta da kirari, kuma salon rubutunsa na nan a cikin sauran takardun da ya aika, mai ido zai gane hannu ɗaya ne. Abin da ya fi shi ne ka kai wa malam abin da zai tuna da kai: sakamakonka, abin da kake nema da dalili, ranar rufewa, da 'yan abubuwan da kuka yi tare. Ka je da ƙafarka, ka gaisa, ka ba shi wata guda ko fiye, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma bar masa ƙofar fita. Bahaushe ba ya iya cewa "ba zan rubuta ba", sai dai ya rubuta maka mai sanyi. Saboda haka ka ce, "Malam, idan kana ganin ka san aikina yadda za ka tsaya mini, ina roƙo. Idan kuma akwai wanda ya fi dacewa, ka nuna mini shi." In ya fara kame-kame, ka yi godiya ka nemi wani.

Wani ƙaramin abu da ke kayar da mutanenmu: yawancin makarantun waje ba sa karɓar takarda daga hannun ɗalibi, saƙo suke aika wa malamin ta imel ya ɗora da kansa. Malamin da ke koyarwa a ƙauyen Shanga ko Ngaski, inda sai an hau tudu ake samun sabis, yana iya yin wata bai buɗe imel ba. Ka tabbatar adireshin na aiki, ka sanar da shi ranar da aka aika, in ta kama ka saya masa data.

Da za a tambaye ni, ba zan so a mayar da bin likita ko takardar shaida sharaɗin shiga jami'a a Najeriya ba. Amma zan so a tsara bin likita a ƙasar Yawuri ta yadda ba sai mai hanya ba: ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da shugabannin makarantu da likitocin yankin su zauna, kowane dogon hutu a zaɓi yara kaɗan daga Yelwa da Wara da Shanga da gungaye bisa makinsu, a raba su asibitoci da ƙa'ida a rubuce. Masarautar da sarkinta, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ta rasa wanda zai fahimci amfanin wannan ba.

Shi dai ɗan ƙanwar tawa shugaban makarantarsu ya rubuta masa, aka ba shi kwana shida a wani asibiti. Ran nan ya zo gaishe ni, na ce ya ba ni labarin likita. Bai ce komai a kan likita ba. Labarin wani dattijo yake ta yi, mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya ɗora ɗigon fitsarin wani yaro a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ce masa ya leƙa, ya ga ƙwan tsargiya da ɗan tsininsa a gindi. Yanzu ya rasa abin da zai cike a fom ɗin JAMB, likitanci ko kimiyyar gwaje-gwaje, kuma ya roƙe ni kada in gaya wa Inna tukuna.